Surukina Mai Fenti da Bustocinsa

Har yau ba na iya cin abinci a falon surukina. An wanke ɗakin, an sake silin, an ƙone kafet, amma da na zauna da cokali a hannu sai in ajiye shi in tashi. Kafin in faɗi dalili bari in faɗi ko wane ne mutumin, kada a ce daga shigowata gidan mutane na fara cin naman manya.

Mai Fenti ake ce masa, mu kuma a gida Baba. Fentin mota ya yi tun yana saurayi, kuma duk wanda ya san gareji ya san ba shi da na biyu wajen haɗa kala. Idan mota ta yi karo aka buga ƙofa ɗaya, aka rasa mai haɗa fentin da zai saje da sauran jikin, wajensa ake kai ta. Zai zagaya motar, ya goge ƙura da babban yatsa, ya ƙanƙance ido ya ce, "Wannan jan akwai ɗigon baƙi a cikinsa." Ya dama a gwangwani, ya fesa, mai motar da kansa ya rasa ƙofar da aka taɓa. Da wannan idon ya gina gidan da muke ciki, shi da matarsa Inna a sashen gaba, ni da maigidana, babban ɗansa, a sashen baya. Da shi kuma yake taƙama. Ko zane Inna ta ɗaura sai ya faɗa mata cewa shuɗin ɗankwalin bai shiga da na rigar ba.

Ban daɗe da zuwa gidan ba aiki ya fara ɓaci. Motoci suka riƙa dawowa, ƙofa daban jiki daban. Baba ya ce kamfanonin fenti ne suka lalace, ruwa suke sayarwa a gwangwani. Ya yi faɗa da mai kawo masa kaya, ya yi da masu motoci, daga ƙarshe ya rufe rumfarsa ya dawo gida yana huci. Maigidana ya tausaya masa, ya sayo babbar talabijin, ya sa kamfanin kebul suka ja waya daga sandar bakin titi har falo, suka haɗa dikoda. Ya ce tsoho ya huta ya kalli labarai da ƙwallo. Da mun san abin da muka jawo, da rediyo muka saya.

Da farko lafiya lau. Sai wata rana na kai masa abincin rana, na durƙusa na ajiye, ya ce, "Ke, dubi hoton nan. Ba ki ga hayaƙi ba?"

Na duba. Mai karanta labarai na zaune tas, har ɗinkin wuyan rigarsa ana gani. Na ce, "Baba, ni dai ban ga komai ba."

"Ba za ki gani ba. Idonku na yaran zamani, in an ba ku toka aka ce fari ne sai ku karɓa."

A ranar ya gano inda ake ƙara kala da rimot. Ya tura kala ƙarshe, ya tura haske ƙarshe, ya tura abin da ke kaifafa hoto har ya ƙure. Mutanen cikin talabijin suka koma kamar an feɗe su. Fuska jajir tana ƙyalli, leɓe kamar an tsoma a jini, haƙora na walƙiya da wani shuɗi-shuɗi. Filin ƙwallo ya zama wani kore mai tayar da zuciya, irin na ruwan kwata da ya kwana biyu. In ka kalla na ɗan lokaci ka juya, bango ma sai ka ga yana rawa. Shi kuwa ya jingina da kujera ya ce yanzu aka fara magana, amma da saura.

Bayan nan ya gano wani shafi a cikin dikoda mai sanduna biyu a kwance, ɗaya na nuna ƙarfin sigina, ɗaya na nuna ingancinsa. Shi ke nan, kallo ya ƙare a gidan. Baƙo zai zo gaisuwa ya tarar da dattijo ya matso da kujera har gwiwarsa na taɓa teburin talabijin, ya ƙura wa sanduna biyu ido. In ta sama ta ɗan ja baya sai ya buga cinya ya ce, "Ka gani ko! Suna sha mana." Su wa? Bai sani ba tukuna, amma zai gano.

Maigidana ya kira mai gyaran kamfani, wani siririn mutum da ake ce wa Dogo, mai haƙuri kamar ba ya jin zafi. Ya cire wayar, ya soka ta a na'urarsa ta awo, ya ce sigina ya isa har ya yi yawa. Ya bi wayar daga sanda zuwa falo bai sami inda ta huje ba. Sannan ya ɗauki rimot ya mayar da kala da haske tsakiya. Inna da ke tsaye a bakin ƙofa ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Kai, ashe mutane ne."

Baba ya ce, "Me ka yi min? Ka kashe hoton gaba ɗaya."

Dogo ya ce, "Baba, haka yake fitowa daga can. Ku yi haƙuri da abin da zan faɗa, ko za ku bari a duba muku ido? Mahaifiyata ma haka ta fara, tana cewa fitila ba ta haske."

Baba ya miƙe, ya nuna ƙofa da rimot ya ce, "Idon nan ya ciyar da gida tun kafin ubanka ya san launi. Tattara tarkacenka." Dogo ya naɗe wayoyinsa ya fita. Maigidana ya bi shi yana ba shi haƙuri. Kafin ya dawo, fuskokin cikin talabijin sun koma ɗanyen nama.

Duk mun san Dogo ya faɗi gaskiya. Muna ganin yadda Baba ke lalubar kofi a kan tebur, da yadda yake gaida mutum sai ya ji murya sannan ya kira sunansa. Inna ta gwada sau ɗaya ta ce, "Malam, da dai ka je asibitin nan." Ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwarta. Maigidana kuwa ɗa ne, ba ya iya ɗaga ido ya kalli mahaifinsa. Ni suruka ce, nawa kai abinci da kwashe kwano.

Sai wani mai shagon kayan wuta a bakin kasuwa ya faɗa masa akwai busta, wani ɗan akwati da ake sa wa a tsakiyar waya ya ƙara wa sigina ƙarfi. Baba ya dawo da shi a leda kamar ya samo magani. Ya yanke wayar kamfani da wuƙar kicin, ya fere bakinta, ya murɗa, ya naɗe da salatif. Sandar sama ta cika, ta ƙasa ta ragu. Hoton ya fara daskarewa, fuskar mutum ta tarwatse ta zama 'yan ƙananan akwatuna, murya ta riƙa kakarewa. Ya koma shagon, mai shago ya ce ai guda ɗaya ba ya isar babbar talabijin. Ya sayo na biyu ya jona a bayan na farko. Daga baya Dogo ya bayyana min cewa siginan da ya riga ya isa in aka ƙara masa busta shaƙe dikoda yake yi, kuma duk dattin da ya shiga ta inda aka yanke waya shi ma ƙara shi ake yi. Amma wa zai faɗa wa Baba? Na uku ya ce sai an ɗora shi sama kusa da inda waya ta shigo, don haka ya fasa silin da guduma ya cusa shi ciki, ya ja masa wuta ta ramin.

Bayan talabijin ya zama wani daji. Wayoyi baƙi da fari sun sarƙe, soket a kan soket, salatif ya narke ya zama danƙo. Ya kafa doka: ba shara, ba guga, ba wanda zai raɓi kusurwar nan. Wai tsintsiya na girgiza waya. A nan yake cin abinci, a nan yake zubarwa, tunda ba ya ganin abin da ya faɗi. Bustocin ba a kashe su, kullum da ɗumi, kyankyasai suka sami gida. In na durƙusa ajiye tire sai in ga gashin bakinsu na leƙowa ta ramukan akwatin, kashinsu ya yi baƙi a kan tebur kamar an barbaɗa barkono. Saƙar gizo ta haɗe bango da bayan talabijin, tsaka na yawo a kai tana sauke nata. Wani wari ya zauna a ɗakin, na roba mai zafi da tsohon mai da abincin da ya yi tsami. Ina shiga nake riƙe numfashi, in gaishe shi da rabin murya, in fito in tofar a bayan gida.

Da hoton ya ƙi gyaruwa sai ya fara neman mai laifi. Inna ce ta farko. Wai firjinta ke jan sigina, aka kashe firji da rana, kayan miya suka riƙa ruɓewa. Wai in ta jona dutsen guga hoto na rawa. Wai igiyar shanyarta ta ƙarfe ce, tana kama abin da ya kamata ya shigo falo. Matar da ta yi shekara da shekaru tana wanke masa kaya masu ƙamshin tinar fenti, ita ce yau za ta wuce ta tsakar falo ya daka mata tsawa, "Tsaya nan! Kar ki motsa, ya fara hawa." Na ga tsohuwar nan tsaye da buta a hannu kamar gunki, tana jiran sanda ta cika. Ban san wanda ya fi ba ni haushi ba a lokacin, shi da ya faɗa ko ɗansa da ya sunkuyar da kai.

Daga ita sai maƙwabcinmu mai kanti. Mutumin kirki ne, tare suka gina gidajensu, matarsa kuma aminiyar Inna ce. Wayarsa da tamu sanda ɗaya suka fito, tasa ta bi ta saman katangarmu. Baba ya yanke hukunci cewa ta nan ake tsotse masa sigina. Wata safiya ya hau benci da filaya ya datse wayar mutumin, ya jefa masa ita ta kan katanga. Mai kanti ya zo da sallamarsa ya ce, "Yaya, lafiya? In wani abu ne ai sai ka kira ni." Baba ya fito har titi, a gaban masu wucewa da masu sayayya, ya kira shi ɓarawo. Ya ce ya daɗe da sanin yana kallo da guminsa. Mai kanti ya tsaya yana dubansa, sannan ya juya ya shiga gida. Daga ranar matarsa ba ta ƙara leƙo mu ba. Inna ta shiga ɗaki ta yi kuka, shi kuma ya koma gaban sandunansa ya ce ga shi nan har ya ɗan ƙaru.

Abin da ya ƙure kowa wari ne sabo da ya taso a lokacin zafi. Wannan ba na roba ba ne. Wari ne mai nauyi mai zaƙi-zaƙi da ke manne wa mutum a harshe. Manyan ƙudaje korra suka fara zarya ta ramin silin. Maigidana ya ce ɓera ne ya ci wayar wutar busta ya mutu a sama, bari ya hau ya cire. Baba ya ce ba mai taɓa silin ɗin nan, domin tun da ya haɗa kayansa bai taɓa ganin sandar ta tsaya cak irin na kwanakin nan ba. Ya ce wari ai wucewa yake yi.

Washegari na kai abincin rana. Na durƙusa, na buɗe kwano, sai wani abu fari ya faɗo daga sama cikin miya. Na ɗauka ɓarɓashin silin ne, sai na ga yana lanƙwasa. Na dubi kafet, ga su nan birjik suna rarrafe, wasu sun kai ƙafar kujerarsa, ɗaya na hawa silifas ɗinsa. Shi kuma ya miƙo hannu zai ja kwanon.

Na ce, "Baba, kada ku ci! Tsutsa ce ta faɗa."

Ya sunkuya ya leƙa ya ce, "Wace tsutsa? Albasa ce. Ku dai ba ku rasa abin faɗa."

Na fizge kwanon, abin da ban taɓa yi ba, na ruga waje. Ban kai makwarara ba na amayar da duk abin da ke cikina. Inna ta zo ta dafa bayana, ta zuba min ruwa. Ta shiga ɗakinta ta haɗa kaya a jaka ta fito. A ƙofar falo ta tsaya, ba ta shiga ba, ta ce, "Malam, na tafi gidan 'yarka. In ka gama da mushenka ka aiko." Ya ce ta ja masa ƙofa, haske na ɓata hoto.

Bayan tafiyarta ne, da ya ga ba mai kallonsa, warin ya ishe shi shi ma. Bai kira kowa ba, don kada a ce ya sauko. Ya jingina tsani ya hau da kansa. Ina wanki a baya na ji rugum, sannan na ji salati. Na tarar da shi a ƙasa, tsani a kansa, rabin silin ya rufto, ga mushen ɓera ƙato ya kumbura ya fashe a gefen kafaɗarsa, busta na lilo a sama da wayarsa. Ashe matakin tsanin ya nema da ƙafa bai gani ba. Hannunsa na dama ya karye a wuyan hannu. Mai kanti ne ya ji ihuna ya fito da motarsa, ya ɗauke shi zuwa asibiti, bai ce masa ko sannu ba har suka isa.

Likitan da ya ɗaure hannun ya haska masa fitila a ido ya ce, "Baba, da wannan yanar kuke hawa tsani?" Ya tura shi sashen ido, suka ce yanar ta rufe duka biyun, ta dama ta fi nuna. Ko don zafin karaya ne, ko don wanda ya faɗa ba ɗan gida ba ne, bai yi musu ba. Aka sa ranar yi wa idon dama aiki, 'yarsa ta ɗauke shi ya zauna wajenta kafin lokacin.

Ni da Dogo da maigidana muka shiga falon da ƙyalle a hanci. Dogo ya buɗe busta ta farko, kyankyasai suka watse kamar an zubar da wake, ƙwayayensu jere a jikin allon ciki. Ya yi tsaki ya ce shi dai ya shiga gidaje da yawa, amma wannan sai dai a yi shiru. Muka naɗe kafet da abin da ke cikinsa muka ƙone. Na wanke ƙasa da ruwan zafi da maganin kashe ƙwari har hannuna ya saɓule. Dogo ya ja sabuwar waya guda ɗaya tak daga sanda zuwa dikoda, sandunan nan biyu suka cika ba busta ba komai. Zai gyara kala, maigidana ya riƙe hannunsa ya ce a bar ta yadda Baba ya sa, kada ya dawo ya ce an taɓa masa kaya.

Ranar da aka cire masa bandeji suka dawo tare da Inna. Ya shigo yana kalle-kalle kamar baƙo, ya dubi sabon silin, ya dubi hannunsa, ya dubi fuskar matarsa ya daɗe. Na ce a raina yau za a ji kalma mai daɗi a gidan nan. Ya zauna, maigidana ya kunna talabijin. Mai labarai ya fito jajir yana ƙyalli, leɓe na ɗigar jini. Baba ya zabura har ya bugi hannunsa mai ciwo.

"Subhanallahi! Wane mahaukaci ne ya yi wa hoton nan haka?"

Ya juyo gare ni ya ce, "Ke ce kika yi shara a nan, ko? Na san za a rina. Ko wancan dogon banzan ne? Mutum ya ɗan kwanta asibiti sai a lalata masa kaya. Ku duk kuna zaune, ba wanda ya ga wannan ƙazanta?"

Inna ta ɗauki jakarta ta wuce ɗaki.

Ya karɓi rimot da hannun hagu, ya rufe idon da ba a yi wa aiki ba. Ya rage kala, ya tsaya, ya ƙara ɗan kaɗan. Ya sauke haske har baƙin rigar mutumin ya zama baƙi sosai amma ana ganin ninkinta. Ya ce akwai kore a fatar nan, ya cire shi. Kafin shayi ya huce ya fitar da hoton da ko Dogo bai taɓa fitarwa ba, sai ka ce mutumin na zaune tare da mu. Gaskiya ne, hannun gwani ne, kuma hakan ya ƙara min takaici. Ya ajiye rimot ya ce, "Haka ake yi. Kada wanda ya sake taɓawa."

Bai ba kowa haƙuri ba. Maigidana ne ya je wajen mai kanti ya durƙusa a madadinsa. Mutumin ya ce ba komai, ya wuce, amma ya sa an zagaya da wayarsa ta bayan gida, kuma in sun haɗu a hanya hannu kawai yake ɗagawa. Inna ta kunna firjinta, ta mayar da igiyar shanyarta, ta daina amsa kira daga falo sai ta gama abin da take yi. Baba yakan leƙa gareji yanzu, masu fenti na kiran sa ya duba musu haɗi, yana dawowa yana ba da labarin yadda yaran zamani ba su san kala ba.

Bustocin nan uku na zuba su a buhun shara, ashe ya bi ya tsince su. Da ƙaninsa ya zo duba shi yana kukan talabijin ɗinsa na dishi-dishi, sai Baba ya jawo leda daga ƙarƙashin gado, ko gogewa bai yi ba, ya danƙa masa. Ya ce kaya ne masu kyau, shi sun yi masa aiki sosai, ya haɗa duka ukun a jere kada ya saurari masu gyara. Ƙanin ya karɓa da hannu biyu yana godiya. Ina tsaye da tire na ga ledar na motsi.